Ƙyauren Inna

Ƙyauren da na haɗa wa Inna ya ƙi shiga ƙofar ɗakinta a Zango, ga ƙannena tsaye suna kallo.

Walda ba sana'ata ba ce, sha'awa ce. Ba ni da kayan daidaita kusurwa masu tsadar nan. Igiya nake ja a gicciye, in tsawon biyun ya zo ɗaya sai in liƙe.

Na ce, "Inna, da alama na karkatar da shi."

Ta ce, "Auna ƙofar tukuna. Marigayi babanku da ido ya gina ta."

Ashe ginin ne a karkace. Muka ɗan sassaƙe bango, ƙyaure ya zauna daram, na sauke ajiyar zuciya.

Masu walda a gida, kun taɓa zargin hannunku alhali laifin bango ne?