Fakon da Sambo Ya Rayar

Sambo ya zo Morai daga wajen Damaga, shekarar da ɓarayi suka kore masa shanu kaf. Awaki bakwai ya shigo da su, da matarsa Nagode, da wata sanda da ta fi shi tsawo. Ba shi da ko taku ɗaya na ƙasa a garinmu. Malam Isa, maƙwabcina, ya ara masa wani fako a bayan gari, wurin da in ruwa ya sauka gudu yake yi kamar an kore shi. Har da ni a masu dariya. Muka ce an ba baƙo dutse ya yi kiwo.

Shi dai ya kama aiki. Ya kafa turaku a kusurwa ɗaya, yana ɗauko wa awakin harawa a ka. Bayan kwana uku ya tumɓuke turakun ya matsa gaba. Inda suka bar kashi sai ya rufe da kara, gara ta shiga ta huda ƙasar, ruwa ya samu wurin zama. Da ciyawa ta fara tsirowa, ba ya barin akuya ta ci har gindi. Yakan ce ƙasa ma tana son a bar ta ta huta. Mutum ne mai gardamar tsiya a kan wannan, ko Nagode ba ta isa ta ɗaure akuya a ɓangaren da ya hana ba.

Shekara tara yana wannan aiki. Nagode ta rasu a ta shida. Fako ya yi baƙi, ya yi laushi, ciyawar harkiya ta kai gwiwa, awaki suka kai talatin.

Abin da ya jawo masa ke nan. Da Malam Isa ya rasu aka zo rabon gado, wurin da babu mai so a da ya zama shi kowa ke kallo. Ya faɗa a kason Murtala, babban ɗansa. Ban ce Murtala ya ci zali ba, ƙasar ubansa ce, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Amma raina ya ɓaci ƙwarai, har yau bai huce ba.

Ina tsaye ranar da Murtala ya zo wurin Sambo. Bayan doguwar gaisuwa ya sunkuyar da kai.

"Baba, dawa nike son shukawa nan bana. Amma akwai wani fako can gaba, ka ɗauka ka gyara kamar wanga."

Sambo ya dafa sanda, da ƙyar ya miƙe, gwiwoyinsa na ƙara. Ya daɗe yana duban ciyawar.

"Na gode, ɗana. Fako ba ya ƙarewa. Wata shekara tara ce ban da ita."

Ran Talata ya kora awakin kasuwar Mafara, ya dawo da igiyoyi a hannu.