Zaƙin Goriba

Shekarar da na yi cikin fari, damina ta yi mana rowa karo na biyu a jere. Gero ya fito, ya kai gwiwa, ya tsaya yana jiran ruwa har ya bushe a tsaye. Ina gidan miji a wani ƙauye kusa da Kurawa, iyayena kuwa suna Isa. A gidan akwai maigidana, da mahaifiyarsa da nake kira Inna, da ƙannensa ƙanana.

Cikin ya shiga wata na biyar ana tsakiyar bazara. Amai ya tsaya, sai wani abin ya maye gurbinsa, na kasa zama wuri ɗaya. In na zauna, ƙwannafi ya taso mini har maƙogwaro. In na kishingiɗa, jijiyar ƙafa ta ɗaure. In na miƙe da sauri, jiri ya ɗebe ni sai na dafa bango. Sai in yi ta zagaye tsakar gida, daga gindin rumbu zuwa murhu, daga murhu zuwa bakin zaure, ina tofar da miyau.

"Ke ɗiyar nan, zamna mana," in ji Inna. "Kina ta kai da komowa kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Ni kike sa ma juwa."

Sai in zauna, kafin ta juya baya na sake tashi.

Ba mai ambaton cikin a gidan. Cikin fari ne, kunya ta hana ni, ta hana su. In Inna za ta yi maganarsa sai ta ce "halin da kike ciki". Amma kowa yana shiri. Maigidana kan fita da gatari da jaki tun da safe neman itacen wankan jego, kullum yana ƙara nisa, don Fulani sun sassare rassan kusa sun ba shanu. Yana jibge itacen a bayan ɗaki, bai taɓa ce mini na mene ne ba, ni ma ban tambaya ba. Inna tana tara kanwa da citta da kimba a ƙullin tsumma. Ta yayyaga wani tsohon zanenta mai laushi, ta ninke ta ajiye. An shirya cewa in wata na bakwai ya kama za a kai ni Isa goyon ciki, in haihu a gaban mahaifiyata, a bi ni da itacen da kayan yajin.

Doka ɗaya Inna ta kafa mini, kada in ci abu mai zaƙi. Duk macen ƙasarmu ta san wannan. Ana cewa in mai ciki ta ci zaƙi, yakan taru ya yi kauri ya toshe wa ɗa hanya, naƙuda ta yi tsawo, wani lokaci a rasa uwa da ɗa. Don haka ba rake, ba zuma, ba dabino. Kowace safiya kuma sai na sha jiƙon sassaƙen maɗaci don ya wanke wanda ya riga ya taru.

A shekarar ƙoshi wannan doka ba ta da wuya, wa ke samun zuma kullum? Amma a wannan shekara hatsi ya ƙare a rumbu, abin da daji ya rage mana kusan duk mai zaƙi ne, goriba da magarya da aduwa. Su mutanen gida ke ci su toshe yunwar rana. Tuwo sau ɗaya ake yi, rabinsa dusa. Da hantsi sai ka ji gidan ya ɗauki ƙarar gwaguyar goriba, ni kuwa ina gefe da ƙoƙon dafaffen ganyen tafasa, ba mai, ba ƙuli. Ƙanshin goribar yakan bi ni har ɗaki. Da kwaɗayi ya matsa mini sai in ɓanƙari ƙasar bango in tauna.

Na riƙe dokar fiye da yadda aka nema. Ko ƙwallon goribar da yara suka yar ba na tsallakewa, sai in kewaye shi. Ina ganin kaina mace mai hankali, wadda za a kai gida a yi alfahari da ita.

A cikin kwanakin ne ɗan ya fara motsi. Da farko kamar kifi ya gifta a ruwa, daga baya ya zama ɗan shuri sosai, musamman in na ci tuwon. Ban gaya wa kowa ba. Shi ne abin da nake da shi ni kaɗai.

Rijiyar gari ta ƙafe, sai muka koma gulbi. Shi ma ba ruwa a samansa, rami ake tonawa a yashi, a zauna a jira ya tsattsafo, a riƙa kwarfa da ƙoƙo. Jiran yana da tsawo, mata kan baje a inuwa ana hira. A nan na san wata Bafillata da rugarsu ta sauka a bakin fadama. Ta girme ni, cikinta ya fi nawa tsufa, ta riga ta haifi wasu. Da nono take kawowa gari, da shanun suka daina ba da nono sai ta koma tallar goriba. Kullum akwai guda a bakinta.

Wata rana ta miƙo mini ɗaya. "Amarya, karɓi."

"Ba ni ci."

"Azumi kike, ko raina ta kinka yi?"

"An hana ni. Ke ba ki san zaƙi ba?"

"Na san shi," ta ce tana gwaguya. "Na san yunwa kuma. Ita ta fi kusa da ni."

Matan suka yi dariya. Wata ta ce, "Bar ta, Bagobira ce, ko yunwa sai ta yi mata taurin kai."

Dariyar ce ta ba ni haushi, ga yunwa, ga ƙanshin abin a hancina. Na ce, "Ku dai kwaɗayi ya fi muku ɗiyanku. In ya toshe ki ranar, kada ki ce ba a gaya miki ba."

Ba a faɗa wa mai ciki irin wannan magana, ko maƙiyiyarka ce. Ita kuwa ta dube ni, ta cire goribar daga baki, ta ce, "Allah shi sauke mu lahiya, ni da ke." Ta juya ga raminta.

Ba a daɗe ba motsin ya fara rauni. Shurin ya koma ɗan taɓi, taɓin ya koma sai na kasa kunne da jikina duka kafin in ji. Ran nan na wayi gari ban ji komai ba. Na ce barci yake. Rana ta take, shiru. Aka ci tuwo, shiru. Washegari ma haka.

Ban san inda zan sa kaina ba. Na shiga ɗaki na danna cikin da tafin hannu, na fito. Na sha ruwa har ya gundure ni. Na ɗauki taɓarya na yi ta dakan dusar da ba ta bukatar daka, ko girgizar za ta tashe shi. Na share tsakar gida, na sake sharewa. Sau da yawa ina zuwa har gaban Inna, in buɗe baki, sai in ce, "In kawo miki ruwa?" Ta yaya zan dubi uwar mijina in ambaci abin da ke cikina? Maigidana kuwa yana daji, ko yana nan ma ba maganar da zan iya yi da shi ba ce.

Da rana tsaka na ɗauki tulu na nufi gulbi, ba don ruwa ba, ƙafafuna ne suka ƙi tsayawa. Ba kowa sai Bafillatar, tana zaune bakin rami ita kaɗai. Na so in juya, ta riga ta gan ni.

"Kaɗo, mi ya same ki? Fuskarki kamar toka."

Ban san yadda aka yi ba. Wataƙila don ita baƙuwa ce, ba kunya tsakaninmu. Na ce, "Ya yi shiru."

"Tun yaushe?"

"Tun jiya da safe."

"Mi kinka ci yau?"

"Tafasa."

"Tafasa da mi?"

"Ita kaɗai."

Ta ce wani abu da Fillanci da ban gane ba, amma na san ba yabo ba ne. Ta jawo goriba daga ƙwaryarta, ta ɗora a kan dutse ta daddaka bayan, ta zuba garin a ƙoƙo, ta kwarfo ruwa ta dama da yatsa.

"Sha."

"Zaƙi ne."

"Na sani, ni na dama. Zaƙin da kike tsoro sai ranar haihuwa zai tare ki. Wa za ki haifa ranar in kin bar shi haka? Sha, kafin in ɗura miki kamar maraƙi."

Na sha. Har yau ban sha abin da ya yi mini daɗi kamar ruwan nan ba, kuma ina sha ina kuka don tsoro. Ta sake dama wani, ta ba ni guda in gwaguya. Sannan ta ce in kwanta a gefen hagu a inuwar gaɓa, kada in motsa.

Kwanciyar ta fi komai wuya. Ina so in tashi, tana danne kafaɗata da hannu ɗaya, ɗayan hannun tana kwarfar ruwanta. Tana ta ba ni labarin wata saniyarsu mai taurin kai da ta ce kamarmu ɗaya. Ban ji rabin labarin ba. Inuwa ta matsa, rana ta fara taɓa ƙafafuna. Na ce a raina shi ke nan, na karya doka kuma a banza.

Sai na ji taɓi, can ƙasa. Na riƙe numfashi. Aka sake, sannan shuri sosai, har zanena ya motsa.

"Ga shi nan, ɗan banza," in ji ta. "Yunwa yake ji, ba wani abu ba. Tashi ki tafi gida, kin cika mini wuri."

Ta zuba mini goriba a bakin zane. Na tafi ban ba ta haƙuri a kan maganar da na yi mata ba, na bari sai mun sake haɗuwa. Kafin in koma gulbin rugarsu ta tashi, sun yi kudu da sauran shanun. Ban san ko ta sauka lafiya ba, kuma wannan yana damuna har yanzu.

Ina shiga gida Inna ta dube ni, ta dubi tulun da ba ruwa, ta dubi bakina.

"Zo nan. Buɗe baki." Zaren goriba ya cika haƙorana. "Wa ya ba ki? Ashe duk wahalar da nika yi da ke, a bayan idona kina..."

Na durƙusa, na sunkuyar da kai. Ban taɓa jin nauyin magana kamar wannan ba. Na ce, "Inna, ya bar motsi tun jiya. Da na ci, ya motsa."

Inna ta zauna daɓas a kan turmi.

"Tun jiya? Kina tsakar gidan ga kina share-share, kina tambayata ko in sha ruwa?"

"Kunya nike ji."

"Kunyar taki ta ci gidanku! Ni ban haihu ba? Daga sama anka jeho mini mijin naki?" Ta miƙo hannu ta ɗora a cikina, abin da ba ta taɓa yi ba, ta bar shi nan har ta ji da kanta. Ta ce, "Alhamdu lillahi. Marar kunya, kamar ubanshi."

Ta shiga ɗakinta, na ji tana jan gado. Ashe akwai tulun gero da ta binne ta liƙe bakinsa da laka, na kunun jegona, ko ɗanta bai sani ba. Ta fasa lakar ta ɗebo, ta ce wanda za a yi wa jegon ya fi bukatarsa yanzu.

Inna ba ta daina tsoron zaƙi ba. Kullum da hantsi takan dama mini kunu, ta ba ni goriba da hannunta tana tsaki, da safe kuma ta ƙara wa jiƙon maɗacin ƙarfi har sai na runtse ido. Ta ce ɗaya ya ciyar, ɗaya ya wanke. Ta kuma sa mini sabuwar doka. Duk sanda ta ce, "Yaya baƙon namu?" dole in amsa da baki, ba da kai ba. Zagayen tsakar gida dai ban daina ba, sai dai jirin ya ragu.

Da watan ya kama aka ɗora ni a jaki zuwa Sabon Birni, daga nan muka shiga motar kasuwa zuwa Isa. Duk ramin da motar ta faɗa sai ɗan ya rama a haƙarƙarina, ni kuwa ina murna.

Naƙudar ta yi tsawo, gaskiya. Ina durƙushe ina zufa, ungozoma tana cewa wannan aikin zaƙi ne, mahaifiyata ta sunkuyo ta ce, "Gaya mini gaskiya, kin ci?"

Na ce, "Na ci, kullum."

Ta buɗe baki za ta yi faɗa, wani ciwon ya taso, ba ta samu dama ba. Da na sauka, mace ce, 'yar ƙarama ƙwarai, amma kukanta sai da aka ji shi a zaure.