Mai Sulke da Mai Waldan Bakin Tasha

Ranar Laraba ce, ƙarfe huɗu da kwata na yamma, a mako na uku na zangon karatu na biyu, cikin rani na huɗu tun da aka fara sako ruwan madatsar Goronyo zuwa fadamar Wurno. Mu biyu ne a barandar gidan malamai: ni ina duba littattafan ɗalibai da jan biro, maiɗakina tana tsince shinkafa a faifai. Na ukunmu shi ne mai waldan bakin tasha, wanda ya yi sallama ya tsaya a ƙasan matakala, ya ƙi hawowa, wai tufafinsa duk baƙin mai ne.

Ni baƙo ne a ƙasar, Kirista, malamin Turanci da aka turo daga wata jiha. Shi haifaffen garin ne, Musulmi, ya girme ni da 'yan shekaru. Aiki ne ya haɗa mu. Ya taɓa liƙe mini ƙarfen kekena da ya tsage, kuma har na rabu da keken wurin bai motsa ba. Ban cika yabon aikin hannun mutane ba, amma nasa na yaba.

Ya ciro wasu takardu daga aljihu ya miƙo mini da hannu biyu. Shafuka ne na littafin zane, irin wanda magana ke fitowa daga bakin mutane cikin da'ira. Mai tsiren tasha ne ya sayi tarin tsofaffin takardu da Turawan aikin madatsa suka bari, yana naɗe nama da su, shi kuwa ya ceto waɗannan.

Ya ce, "Malam, don Allah diba mani wanga. Mi anka ce nan? Na ga hular mutumen kamar tawa ta aiki."

A makarantar mishan da ta rene ni, wanda aka kama da irin wannan littafi bulala yake sha. Duk da haka na gyara tabarau na karanta masa, ina fassarawa layi bayan layi, ban tsallake ko ƙarar bindiga ba. Labarin wani jarumi ne da ke sanye da sulken ƙarfe tun daga kai har tafin ƙafa, a wani birni na bakin teku. Ƙungiyoyi biyu na miyagu suna gaba da juna, kowace tana so ya zama nata, kowace tana cewa in ba nata ba ne to na abokan gabarta ne. A shafi na ƙarshe da ke hannunmu, ya je wa shugaban wannan ya ce ya yarda, ya je wa na waccan ya ce ya yarda. Daga nan sai tabon yaji.

"To, mi yaf faru da shi?"

"Ba ya cikin abin da ka kawo."

"Haba Malam! Kai da kas sha Turanci, ai ka san yadda irin wagga ka ƙarewa."

Na ce, "Abin da ke rubuce nake karantawa. Sauran, sai ka nemi wanda ya ci tsiren."

Maiɗakina ta yi dariya. Shi bai yi ba. Ya zauna a kan matakala, ya rage murya, ya faɗa mana abin da ya kawo shi.

A shekarun nan injin ban ruwa shi ne ran manomin rani. Wanda aka sace wa nasa a tsakiyar rani, albasarsa da tafarnuwarsa sun tafi. Masu satar kuwa ƙungiya biyu ne. Akwai 'yan kwalekwale, masu ɗauka ta gulbi, akwai 'yan mota, masu ɗauka ta hanya da a-kori-kura. Injin sata ba ya sayuwa sai an goge lambar da ke jikinsa an buga wata, kuma a ƙasar duka mutum ɗaya ne ke da hannun da zai yi wannan ba a gane ba. 'Yan kwalekwale sun ajiye masa inji biyu a bayan shago. 'Yan mota sun ajiye ɗaya. Kowane ɓangare ya ba shi mako guda, ya kuma gargaɗe shi kada ya taɓa na ɗaya ɓangaren.

Ya ce, "Dut ukkun na san su, Malam. Ni nag gyara su bara. Na san masu su, na san ɗiyansu. In na goge, na ci amana. In na ƙi, sun ce sun san ƙohwar gidana."

Washegari na bi ta shagonsa bayan an tashi makaranta. Ya ja ni ciki, ya ƙwanƙwasa ƙirjinsa da ɗan yatsa, sai na ji ƙarar ƙarfe. Ya yanko faranti daga jikin ganga, ya lanƙwasa shi daidai jikinsa, ya goge bakin sumul, ya ɗaure da igiyar fata a ƙarƙashin taguwa. Aikin ya yi kyau ƙwarai, abin da ya ƙara ɓata mini rai ke nan. Ya kuma gaya mini ya bi dabarar mai sulke: ya ce wa waɗannan to, ya ce wa waɗancan to, don ya sami kwanaki.

Na ce masa wannan ƙarya ce, kuma zanen yara ba shawara ba ne ga magidanci. Hanya ɗaya ce: a rubuta wa hukuma.

Ya yarda nan take. Shi ba zai iya zuwa ofishin 'yan sanda ba, domin ana sa masa ido, amma ba wanda zai kula da malamin makaranta ɗauke da ambulan. Ya faɗi lambobin injunan uku da ka, da masu su: biyu a Dinawa, ɗaya a Sisawa. Na rubuta.

"Kai ta gobe, Malam. Ko da Hausa ta, ko da fensir."

Na ce masa takardar hukuma ba a yi mata haka.

Dole in bayyana dalilina, ba don in wanke kaina ba. An koya mini cewa wanda ya sa hannu a takarda ya tsaya shaida a gaban Allah a kan kowane harafi da ke cikinta. Lambobin nan daga ƙwaƙwalwar mutum suka fito, ni kuwa na yi shekaru ina ganin yadda ƙwaƙwalwa ke juya shida ta koma tara. In lamba ɗaya ta kauce, a ganina, takardar duka ta faɗi, an kuma zargi mutane ba bisa hujja ba. Saboda haka na yanke shawarar in tabbatar da kowace lamba daga bakin mai ita kafin in buga.

Ranar Juma'a maiɗakina ta ga ambulan ɗin babu komai a ciki. Ta ce, "Baban yara, mutumin nan ba jarrabawa ya zo rubutawa ba. Tsoro yake ji. Ka kai takardar yadda take."

Na ce mata ta bar mini abin da na sani.

Da sassafen Asabar na hau keke. A Dinawa manomi na farko ya ciro rasit daga gwangwanin madara, lamba ta yi daidai. Na biyu ma haka. A Sisawa na iske na ukun a rumfar albasa tare da mutane kamar bakwai, suna ware ruɓaɓɓu. Ya kamata in kira shi gefe. Ban yi ba, domin rana ta yi zafi, ina kuma son in gama. Na karanta lambar, ya miƙe tsaye.

"Injina ne! Malam, ina kag gane shi?"

Na ce ba ni da izinin faɗa.

Wani daga bayan rumfa ya yi dariya ya ce, "Wa ka leƙa gindin inji ƙasag ga, in ba mai waldan tasha ba?"

Ban ce i ba, ban ce a'a ba. Ƙarya ba na yi, sai na yi shiru, shirun kuwa kowa a rumfar ya fahimce shi. Na koma gida da farin cikin cewa lambobi uku sun tabbata. Kafin magariba na buga wasiƙar a tafiretar makaranta, kwafi biyu, babu gogewa ko ɗaya.

Ranar Lahadi, wajen ƙarfe goma na safe, muna sujada a ajin da muke aro, muna cikin waƙa ta biyu, na hango mai tsire a bakin taga yana yafuto ni. Bai taɓa zuwa wurin ba. Na ajiye littafin waƙa na fita.

Labarin rumfar albasa ya riga ni isowa gari. 'Yan mota ne suka zo shagon mai walda, su huɗu, da hantsin nan, mutane na kallo daga nesa. Ba su zaro wuƙa ba, ba su nufi ƙirjinsa ba. Sun danne shi, suka ɗora hannunsa na dama a kan guntun ƙarfen da yake duka a kai, suka yi amfani da gudumarsa. Kafin azahar 'yan kwalekwale sun zo sun kwashe nasu injunan, suka haɗa da injin waldarsa.

Na iske shi a asibiti, an naɗe hannun har gwiwa. Farantin gangar yana jingine a ƙarƙashin gado, ko ƙwarzane babu. Na tsaya a gefensa. Shi ya fara magana.

"Malam, an ce ka tahi Sisawa."

"Na je."

"Lambobin sun yi daidai?"

"Sun yi daidai, duka ukun."

Ya lumshe ido ya ce, "Ai na hwaɗa maka."

Bai ƙara ko kalma a kan wannan ba, a ranar ko bayanta. Da ya zage ni, da na sami abin riƙewa. Na ci gaba da koyarwa shekaru masu yawa, ban kuma daina gaya wa ɗalibai su tabbatar kafin su rubuta ba, domin har yau ina ganin koyarwar daidai ce. Abin da ban iya warwarewa ba shi ne yadda na amince da hannun mutumin nan a kan ƙarfen da ke ɗauke da ni kullum a hanya, amma na ƙi amincewa da shi a kan lambobi uku na injunan da shi ya kwance ya ɗaura.

Na kai wasiƙar ranar Litinin da ƙarfe takwas. An samo inji ɗaya daga cikin ukun. Hannun ya warke a ƙandare, bai sake yin walda ba. Ya koma wurin ƙanensa a Marnona yana jiran shagon hatsi, a can ya rasu.