Zanen da Na Liƙa a Bangon Aji

Shekarata goma sha tara aka tura ni koyarwa Argungu, a shekarar da aka sauke tutar Turawa. A Birnin Kebbi aka haife ni, amma iyayena daga tsakiyar ƙasa suka zo, daga wajen duwatsu. Mahaifina kafinta ne, mu Kiristoci ne. Da Hausa na tashi, na gama makarantar 'yan mata, ina jin Turanci, saboda haka a ganina babu abin da ya shige mini duhu a ƙasar nan. Ruwa ne ban sani ba. Kifi kam a cikin miya na san shi.

A ajin da aka ba ni akwai wani yaro ɗan masunta, daga wani ƙauye a bakin gulbi. Bai wuce shekara sha ɗaya ba. Ubansa bai so bokon ba, mai gari ne ya ɗauko shi don ya cika adadin yaran da aka ce ƙauyen ya kawo. Amma kan yaron yana ja. Duk malamai mun sa rai shi zai ci jarrabawar ƙarshen shekara ya wuce babbar firamare a Birnin Kebbi, abin da babu wani ɗan ƙauyensu da ya taɓa yi. Abin da kawai muke tsoro shi ne uban ya sami dalilin janye shi kafin lokacin.

Sai ga wata Baturiya ta zo da akwatin ƙarfe, da takardu farare, da fensura masu launi. Daga wata jami'a ta ƙasarsu take, tana binciken yadda ake koya wa yara zane, da abin da suke zanawa in an ƙyale su. Hedimasta ya ce ni zan yi mata tafinta. A ofishinsa ta tambaya ko an sanar da iyayen yaran. Ya yi dariya.

"Hwaɗa mata an gaya ma hakimi. Hakimi shi na uban kowa."

Na gaya mata. Ta rubuta wani abu a littafinta, ba ta sake tayar da zancen ba. Ni ma ban ga abin tayarwa ba.

Tana da wata takarda mai tsawo da take so a karanta wa yara kafin su fara. A ciki akwai cewa ba dole ba ne, wanda ba ya so ya zauna abinsa. Ba za a rubuta sunan kowa ba, lamba za a sa. Kuma zanen cikin akwati zai shiga, babu wanda zai gani a garin. Na karanta na ga surutu ya yi yawa, rana tana yi. Zancen "ba dole ba ne" kuwa na watsar da shi gaba ɗaya, don na san yara, in ka ba su wannan ƙofa rabin ajin za su kwanta a kan tebur. Abin da na ce musu ke nan:

"Kowa ya zana abin da ya gani a gida makon nan. Ba maki, ba bulala. Ba mai gani, daga ni sai ita."

Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce malaminsu na allo ya hana zana abu mai rai. Na ce mata ta zana tukunya ta daina ɓata mini lokaci.

Yawancin zanen ba abin kallo ba ne. Bukka, akuya mai ƙafa biyar, buhunan albasa. Na ɗan masunta kuwa, sai da na tsaya. Mutum ne a ruwa, ya kifa ƙirjinsa a kan gora, homa, ragar kamun kifi, a hannu biyu, cikin homar ga giwan ruwa da ta fi shi tsawo. Rana ta leƙo rabi, ja wur. A gaɓa ga wata kuka da ta karkata kan ruwa, kusa da ita an kafa sanda da jan ƙyalle a kai. Can gefe ya zana kansa, ƙarami, ya ɗaga hannuwa sama. Na tambaye shi wane ne a ruwan, ya ce babansa ne, yana murmushi. Jan ƙyallen nan shi ya fi burge ni. Na ce a raina yaron ya san inda ake sa launi.

Baturiya ta sa wa kowane zane lamba a baya, ta kulle akwati, ta ba ni makulli, ta tafi Sakkwato za ta yi mako guda.

A cikin makon nan bikin 'yancin kai ya zo. An ce kowace makaranta ta nuna aikin yaranta, manya za su zagayo. Hedimasta ya duba ajina ya ga bango fayau, ya ce ina zanen nan na Baturiya. Na ce an yi wa yara alkawari. Ya ce alkawarin me, da yara? Zane ne fa, ba asiri ba. Ba zan ɗora masa duka ba. Gardamar da na yi ba ta kai minti ɗaya ba, don ni ma ina so a ga abin da ajina ya yi. Na buɗe akwati na zaɓi guda goma. Na san mai kowace lamba, sai na rubuta sunayen a gaba da manyan baƙaƙe, da sunan uba. Na ɗan masunta na liƙa shi a tsakiya, daidai ƙofa.

Ranar, bayan an yi fareti an raba wa yara ƙananan tutoci, manya suka shigo ajin. Suka wuce suna gyaɗa kai. Wani dattijo mai baƙin rawani, daga cikin shugabannin masunta, bai wuce ba. Ya tsaya gaban zanen nan ya daɗe. Sannan ya juyo.

"Malama, wanga aikin wa na?"

Ba ya karatun boko, sai na karanta masa sunan da bakina, da ƙarfi, ina jin daɗi.

"Madalla. Da ka ya ƙaga shi, ko gani ya yi?"

"Gani ya yi, Baba. Abin da suka gani a gida a makon na ce su zana. Makon jiya ne."

"Makon jiya," in ji shi. Ya sa yatsa a kan jan ƙyallen, ya yi mini godiya, ya fita.

Malamin Arabiyya na makarantar, dattijo ne ɗan garin, yana tsaye a bayana. Da ɗakin ya watse ya ce, "Ɗiyata, kin san abin da kinka yi?" Na ce me na yi. Ya zaunar da ni kamar 'yar aji ɗaya. Ya ce wannan kukar kowa ya san ta. Ruwan da ke ƙarƙashinta rufaffe ne. Idan ruwa ya fara janyewa, dattawan masunta sukan kafa sanda su ɗaura ƙyalle, daga ranar babu mai jefa homa a wurin sai ranar da aka buɗe, kowa da kowa ya faɗa tare. Haka kifi ke samun girma, haka kowane gida ke samun rabonsa. Wanda ya shiga kafin ranar, ba kifi ya sata ba, gari ya sata. Ya ce ambaliya ta cinye shinkafar uban yaron a bana, kowa ya sani, wataƙila ma akwai waɗanda suka san yana shiga da sassafe suka kau da kai. Amma kau da kai ya ƙare, tunda ga shi a bango, da suna, gaban hakimi.

Na cire zanen daga bango. Ya ce, "Bar shi, an riga an gani."

Kashegari yaron bai zo ba. Labari ya iso kafin azahar. An tara masunta, an fasa gorar uban a gabansu, an karɓe homarsa, an ce ba zai shiga ruwa ranar buɗewa ba. Mutumin da ba shi da shinkafa.

Da Baturiya ta dawo na gaya mata komai a tsaye, ban yi kwana-kwana ba. Fuskarta ta yi ja. Ta ce na karya alkawarin da ta yi wa yara. Na ce haka ne, amma ita da ta tambayi zancen iyaye aka yi mata dariya, me ya hana ta nace? Sannan ta miƙo hannu ta ce in ba ta zanen, shi ne mafi kyau a duk abin da ta tara. Na ba ta. Ta shafe sunan da na rubuta, ta mayar da shi akwati. Har yau ban san a wane ɗaki na wace ƙasa yake ba, kuma babu wanda ya tambayi mai shi.

Ranar Asabar na roƙi malamin Arabiyya ya raka ni ƙauyen. Muka sami uban a ƙofar gida yana gyaran wani tsohon kwando. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa wa malamin, ni bai dube ni ba. Na ce laifina ne, yaron bai san za a nuna ba, a bar shi ya dawo, saura wata biyu jarrabawa.

"Malam," in ji uban, "tambaye ta. Da sunka ba ɗana takarda sunka ce shi zana gidana, wa ya zo ya tambaye ni?"

Na ce an gaya wa hakimi.

"Hakimi na cikin ruwan?"

Ya ci gaba, muryarsa ko tashi ba ta yi ba. Ya ce da aka ɗauki yaron an ce masa karatu za a koya masa. Bai san za a koya masa ya kwashe abin da ke cikin gida ya kai wa baƙi ba. Yau kifi ne. Gobe in an ba shi takarda, me zai zana, uwarsa tana wanka?

Na ce, "Baba, yaron nan zai iya zama likita."

"Shi zama. Ba hannunku ba."

Yaron ya fito daga zaure ɗauke da tulu. Hannunsa na dama a kumbure yake, da hagu ya riƙe. Ya gan ni ya tsaya.

"Malama, kin ce ba mai gani."

"Na ce."

Ya jira ko akwai sauran magana. Babu. Ya wuce rijiya.

Na koma wurin hedimasta na ce ya sa hakimi ya tilasta a dawo da shi, tunda da tilas aka kawo shi tun farko. Ya ce zai duba. Abin da ya faru shi ne uban ya je wurin mai gari, mai gari kuma ba ya son rigima da masunta a shekarar yunwa. Bayan mako biyu sai ga ɗan aike da wani yaro dabam, ɗan shekara bakwai, majina har baki, wai ga madadin wancan. Adadin ƙauyen ya cika. A ofis babu wanda ya ga an rasa komai.

Yaran ajina ba su ce mini uffan ba. Amma duk ranar da na raba takarda na ce a yi zane, abu ɗaya nake karɓa, tukunya. Talatin da 'yan kai, kowa tukunya. Na yi faɗa, na yi lallashi, na ce su zana kasuwa, su zana jirgin ruwa. Tukunya.

Aka yi jarrabawa, yara uku suka ci daga makarantarmu. Da lokacin tafiyarsu ya yi, a mota ɗaya muka shiga zuwa Birnin Kebbi, ni zan je ganin iyayena, su da akwatunansu na katako. Hanya ta bi ta kusa da gulbi. Ruwa ya janye sosai, mutane suna ta aiki a fadama. Ɗaya daga cikin ukun ya taɓa na kusa da shi ya nuna wani wuri da baki, suka leƙa tare, sannan suka dube ni. Ban tambaye su wa suka gani ba.