Zaituna da Mawaƙiyar Zamalek

Zaituna 'yar Mai Wurno ce, garin Hausawa a Sudan, kuma tun tana budurwa ita ake kira waƙar biki. Da yaƙi ya ɓarke ta gudo Alƙahira da ƙanwarta Fatna, suka kama ɗaki a unguwar Arba wa Nus, ta koma yi wa mata lalle.

Lallen ne ya kai ta unguwar Zamalek, gidan wata Baturiya mai suna Bilyana, mawaƙiya daga ƙasar Sabiya. A garinsu ta taɓa yin tashe, da aka daina yayinta ta dawo nan tana waƙa a otal-otal da jiragen ruwan Nilu. Zaituna na zana mata hannu tana rera wata waƙa ƙasa-ƙasa, wadda mahaifiyarta ta ƙirƙira lokacin da kogi ya ci ɗanta. Bilyana ta sa ta maimaita, daga nan ta ɗauke ta 'yar amshi.

Sun jima tare. Zaituna ta koya mata waƙar baiti-baiti, kuma duk inda muryar Bilyana ta kasa hawa, ita ke ɗaukewa daga baya. Rannan sai Fatna ta nuna mata bidiyo a waya. Waƙar ce, an sa mata kiɗan rawa da kalmomin Sabiya, Bilyana na cewa a mafarki ta zo mata. Zaituna ta je neman ba'asi, mai gadi ya ce Madam ta sallame ta.

Ba ta yi kuka ba. Ta koma lallenta, abin yana cin ta a rai, tana jira.

Waƙar ta karɓu, har aka gayyaci Bilyana wani babban taro a nan Alƙahira da za a nuna kai tsaye a talabijin ɗin ƙasarsu. Da kanta ta zo Arba wa Nus a tasi, tana ta ma'alish, tana ba ta haƙuri, ta ce babu mai iya riƙe mata wurin nan mai wuya a waƙar sai ita. Zaituna ta amsa da fara'a, ta halarci kowane gwaji.

Ranar taron, da yamma, suka hau dandamali. Da waƙar ta iso wurin mai wuyan, Bilyana ta juyo tana jiran ta ɗauka. Zaituna ta kalle ta ido cikin ido, ta rufe bakinta. Muryar Bilyana ta tsage, ta sake gwadawa ta kasa, makaɗa suka rikice, mutane suka fara dariya.

A bayan dandamali Bilyana ta tare ta, ta tambaye ta dalili.

"Kukan uwata kika sa mutane suna rawa da shi," in ji Zaituna. "Khalas, ni na gama."

Bilyana ta bar Masar kafin shekara ta ƙare. Zaituna ma ba a sake kiranta aiki a Zamalek ba. Yanzu a bukukuwan 'yan Sudan take waƙa, kuma duk wanda ya tambaye ta labarin, ba ta rage masa komai.