Layin da Malam Bai Taɓa Gani Ba

A sakandarenmu ta ƙauye, can wajen Bagwai, ɗakin gwaje-gwaje suna ne kawai, buhunan takin shugaban makaranta ne a ciki. Malaminmu na kemistiri da alli yake yin komai.

Akwai darasin da ya fi so. Ana ɗiga ruwan amoniya cikin ruwan khal mai tsami, dukansu marasa ƙarfi, har su kashe kaifin juna. Ya ce launi ba ya nuna lokacin da suka daidaita, sai an tsoma wata mita mai auna yadda ruwan ke ɗaukar lantarki. Sai ya ja layi a allo, ya hau, ya hau, sannan ya kwanta. Inda ya kwanta nan ne amsar.

Ni da shegen baki na ce, "Malam, kai ka taɓa gani?"

Ya kakkaɓe allin hannunsa ya ce, "Ban taɓa ba, 'yar nan. A littafi na gani. In Allah ya kai ki inda mitar take, ki dawo ki faɗa mini."

A shekarata ta biyu a jami'a na yi gwajin da hannuna. Lambobi suka yi ta hawa, can suka tsaya cak. Na zana a takarda, na ce gobe zan kai masa. Goben nan ta ci shekara tara. Aure, aiki a Ungogo, 'ya'ya, da sakaci, in faɗi gaskiya.

A lokacin kaka na je, na same shi a zaure ana sussukar gero a waje. Ciwon yanar ido ya rufe masa idanu biyu. Na miƙa masa takardar, ya riƙe ta a juye. Kunya ta kama ni kamar in nutse.

Na ari allura a cikin gida, na huda kowane ɗigo na layin, na ɗora yatsansa a kai. Ya bi a hankali, ya hau, ya kwanta. Ya koma farko ya sake bi.

Bai kai damina ta gaba ba. Ina kewarsa ƙwarai, kuma har yau ina jin muryarsa a ranar, ƙasa-ƙasa, ba da ni yake ba.

"Alhamdu lillahi. Ashe ban yi wa 'ya'yan mutane ƙarya ba."