Yadda Muka Aurar da Sarkin Ruwa

Duk wanda ya taɓa bin Malam Issufu kasuwa a unguwar Guillotière ta birnin Lyon ya san babban yatsan nan nasa. Ba ya wuce teburin kifi sai ya tsaya, ya naɗe hannun riga, ya danna gadon bayan kifin somon, ya ɗaga yatsa ya tsura wa wurin ido. In naman ya taso ya cike, sai ya gyaɗa kai kamar an amsa masa sallama. In rami ya zauna, sai ya dubi mai kifin ya ce, "Mi ya ci?"

Mutumin Tanut ne, inda ruwan sha ma sai da doguwar igiya, kuma har ya koma ga Allah bai iya iyo ba. Shi ya sa muka naɗa shi Sarkin Ruwa. Karatu ya kawo shi Faransa, ya ƙare a wani kamfani mai haɗa abincin somon, kifin da ake kiwo cikin manyan raga a teku mai sanyi na ƙasar Norbej. Ni kuwa ina da ɗan restora, gidan abinci, a bayan layin taram, jirgin cikin gari, kuma na girme shi, don haka aurar da shi ya hau kaina. Ya doshi hamsin yana zaune shi kaɗai, tsohuwarsa kuma tana kirana daga gida duk sallah tana tambaya ko ni ma na gaza.

Aikin ba sauƙi, domin bakin Issufu ba ya kwana da abin da ya gani. Wata rana mun je wurin Ba'aljeriyen da nake sayen kifi hannunsa, sai ya ɗaga kan wani somon ya leƙa idon. Ya ce akwai yana a ciki, kuma daga abinci ne. Wai furotin, abin da ke gina tsoka, ba abu guda ba ne, gutsattsari ne da yawa, in guda ya yi ƙaranci a abincin sai idon kifi ya dushe, ya daina ganin ƙwayar da ake watsa musu, 'yan uwansa su cinye su bar shi. Mai kifin ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Misye, ba lekol zan sa shi ya yi karatu ba, gasa shi za a yi." Daga ranar, da ya hango mu sai ya tura somon ƙarƙashin ƙanƙara ya ce ya ƙare.

Mace ta farko da na nemo masa, a wurin wani suna na zaunar da su kusa da juna. An zubo shinkafa da miya, hira ta fara daɗi, sai baiwar Allah ta yi kuskuren tambayarsa aikinsa. Ya ciro waya. Na hango yana nuna mata hoto, na ɗauka teku ne da duwatsu. Ashe hanjin kifi ne, guda lafiyayye, guda kuma jajir a kumbure, don an rage garin ƙananan kifi a abincinsa an cika waken soya ba tare da an gyara shi ba. Ta ajiye cokali ta ce za ta duba ko an taɓa motarta. Daga baya muka ji ba ta da mota.

Ta biyu sanyi ne ya kore ta. Kun san Issufu ba ya kunna shofaj, na'urar ɗumama ɗaki. Ya ce jiki yana da nasa lissafin, kifi in ruwa ya yi sanyi cikinsa yakan rage aiki, ba ya son tuli, kaɗan yake so mai kyau mai saurin narkewa, in ba haka ba ko ƙurji ya fito masa ba ya warkewa. Shi ma haka yake yi wa kansa. Da hunturu in ya zo restora sai ya mayar mini da rabin tuwon ya ce a ƙaro wake. Muka kai masa baƙuwa da yayarta gidansa, suka zauna cikin manto, manyan rigunan sanyi, suna hura hannu, ya kawo musu dafaffen ƙwai ɗaya ɗaya a faranti yana bayani. A asansar, na'urar da ke sauko da mu daga bene, yayar ta ce mini, "Alhaji, mu ba a teku muka tashi ba."

Na riga na fid da rai sai ga Rakiya. A wani famasi, shagon magani, take aiki a Saint-Denis kusa da Paris, mijinta ya rasu da jimawa, kuma ita ta gan shi da kanta a taron 'yan Nijar ta ce ya yi mata. Saura mahaifiyarta, Hajiya Mari, a Stains, can gefen Paris ita ma, wadda aka ce ta sallami maza fiye da ɗaya da kofin shayi bai huce ba. Rakiya ta faɗa mana a fili, in Hajiya ta ce a'a, magana ta mutu.

Cikin tiren, jirgin ƙasa, daga Lyon har Paris wa'azi nake masa. Na ce kada ya ciro waya, kada ya ambaci hanji, in an tambaye shi aiki ya ce a ofis yake. Na sa ya tura hannun dama cikin aljihu ya yi mini alkawari. Yau in na tuna, kunya nake ji, mutum da sana'arsa ta halal ina koya masa ɓoye ta.

Muka hau bene, aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi mutanen Lyon da na Tanut da gajiyar hanya. Sai Rakiya ta shigo da babban tire. Somon ne guda, an gasa shi da yaji da albasa. Ashe ta riga ta gaya wa uwar komai, Hajiya kuma ta je marshe da kanta ta sayo kifin don ta karrama baƙo.

Issufu ya gutsura. Naman ya wargaje tun kafin ya kai baki, ga farin kitse yana kwance tsakanin tsoka. Na ga yatsan yana motsi, na taka masa ƙafa. Ya ci gaba da ci. Hajiya tana kallonsa ta saman tabarau.

"Malam Issufu, an ce kai ne masanin kifi. Yaya ka ji shi?"

Na yi sauri na ce ai ba mu taɓa cin irinsa ba. Ta ce ba da ni take ba.

"Hajiya, hannunki ba shi da laifi," in ji shi. "Tun kafin ya zo gare ki aka cuce shi. Ba zan rantse ba, amma ya yi kama da wanda aka ɗura wa mai don ya yi saurin nauyi, aka rage masa abin gina tsoka."

Rakiya ta sunkuyar da kai. Ni na fara neman takalmina da ido. Hajiya ta miƙa hannu ta murza naman tsakanin yatsu, sannan ta ce, "Kamar ragon da aka turke da dusa zalla."

Ashe kafin ta zo Faransa turkar raguna take yi a Maraɗi. Ta ce rago in ba ka haɗa masa da harawa da ɗan ƙuli ba, zai cika ido a kasuwa, ranar yanka kuwa mai saye ya zage ka. Issufu ya zame daga kujera ya zauna ƙasa kusa da ita. Ya tambaye ta awon harawa, ta tambaye shi yadda ake sanin kifi ya ƙoshi a cikin ruwa. Ba a jima ba na ga waya ta fito, Hajiya ta gyara tabarau tana duban hanji, tana cewa wannan kam ya sha wuya. Ni da Rakiya muka cinye kifin. Sau uku ina gyaran murya don in shigo da maganar da ta kawo mu, ba wanda ya waiwayo.

Sai da muka miƙe na samu na ce, Hajiya, batun yaran fa. Ta dube ni kamar na tambayi abin da kowa ya sani.

"Ku sa rana. Wannan ba ya iya ƙarya, ko ya so. Amma kifin biki shi zai sayo."

Ya zagaye kasuwannin Paris da na Lyon yana danne-danne, bai samu wanda ya gamshe shi ba har ranar ɗaurin aure ta zo. Naman rago muka ci.

Rakiya ta dawo Lyon, ta kunna shofaj a ranar da ta tare, shi kuma ya bar shi a kunne. Shekarun da suka yi tare ba su da yawa, amma a cikinsu na ga Issufu ya yi kumatu, na ji shi yana dariya tun daga bakin titi. Da ciwon ajali ya kwantar da shi, Hajiya Mari ta hau tiren da gwiwoyinta masu ciwo ta zo ta zauna bakin gadonsa a asibiti. Wata ma'aikaciya ta tambaye ta ko ita wace ce a wurinsa, ta ce uwarsa ce.

Allah ya jiƙan Issufu, ya yafe masa, ya yafe mana dariyar da muka yi masa. Allah ya sanyaya makwancinsa, ya ba Rakiya da tsofaffinsa biyu haƙuri. Amin.